Takobin Gidanmu a Silimar Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi bakina bai huta ba. In na je barka, tambaya. In na je gaisuwar mutuwa, kafin a shafa fatiha an matso kusa da ni, wai Iya da gaske kin shiga silima, wai da gaske kin ga mutanen Japan da idonki. Na gaji da ba da labarin nan guntu-guntu, kowa ta ɗauki nata guntun ta kai gaba ta ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zaunar da Hajara ungozoma, wadda ta yi boko, na ce ta riƙe alƙalami in zuba mata shi daga tushe. Wadda ta sake tambayata, ta nemi mai karanta mata.

A gidanmu akwai takobi, na mahaifina ne. Tun Bature bai zo ba, ina 'yar shekara bakwai ko takwas, mahara suka faɗo wa ƙauyenmu gabas da Ikara. Da takobin nan ya tsaya a ƙofar gida, da shi a hannunsa aka sare shi. Uwata ta mayar da shi cikin kube yadda yake, da tabonsa da gibinsa, ta ce kada wanda ya sake zare shi. Aiki ɗaya ya rage masa. In an yi haihuwa a zuriyarmu, a kan ajiye shi wajen kan jariri daga ranar haihuwa har ranar suna. Wasu gidajen wuƙa suke sawa, wasu lauje, mu takobi. Sau ɗaya tak aka haihu ba ya gida, an ara wa wani ango ya rataya. Haihuwar ɗan farina ce, bai kai suna ba. Malamai sun ce mini kwanansa ne ya ƙare, na kuwa yarda. Amma daga ranar ban sake barin takobin nan ya kwana a waje ba.

To, ina da jika, Sale, ɗan marigayi ɗana na biyu. Ni na goya shi, ni na yi masa aure. Shekara biyu bayan Bature ya sauke tutarsa, matarsa Hansatu ta sami ciki, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Kudan. Shi kuwa ana gama sussukar dawa ya ce ya tafi cin rani. Da cikin ya shiga watansa na tara, sai na taka turmi na miƙa hannu cikin rufin ɗaki in ɗauko takobi in kai Kudan. Na jawo ƙunshin, na ji ba nauyi. Na warware tsumma, sai ga busasshen karan rake.

Ban yi kuka ba. Na zauna a kan turmin har rana ta karkata.

Ranar kasuwar Makarfi na sami Tanko mai fataucin goro, wanda ba inda ƙafarsa ba ta takawa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi gida, ya tambayi sanyi, kafin ya ce ya ga Sale a Maraɗi, ƙasar Faransa, a ƙofar gidan silima. Ya ce ya aske rabin kansa ya bar tukku, yana wasa da takobi tsirara don ya tara wa mai gidan jama'a. Na ce tsirara? Ya ce tsirara, Iya, har yana ɗaukar ido.

Aika saƙo ba zai yi ba, wanda ya iya sa kara a madadin takobi zai iya sa ƙarya a madadin amsa. Maƙwabciyata Delu mai daddawa tana da yaya da ke aure a Maraɗi, ta ce za ta raka ni, dama ta daɗe ba ta ga 'yar'uwarta ba. Maza suka taru suna cewa tsufa, suna cewa nisa. Na ce wanda yake da ƙarfin hana ni ya tashi ya je ya ɗauko. Ba wanda ya motsa. Na ƙulla kayana, zane biyu, carbi, mazarƙwaila ta tsaraba, da likkafanina, don mai shekaruna ba ya fita gari ya bar likkafaninsa a baya.

Daga Makarfi muka hau wata babbar mota da ta yi lodin mazarƙwaila zuwa Kano. Direba ya girmama ni, ya ce a shimfiɗa mini buhu a kan kayan. Girmamawar ce ta ja mini. Rana ta take, mazarƙwaila ta narke ta ratso buhu, zanena ya manne. Ƙudan zuma suka bi mu tun daga Tashar Yari kamar masu rakiyar amarya. Da muka isa Kano sai da Delu da wata mata suka ɓamɓaro ni, Delu tana dariya har da hawaye, tana cewa yau Iya ta zama alewa. Na ce ta adana dariyarta, tafiya ba ta ƙare ba. Muka kwana a Fagge a zauren wata mai tuwo, tururuwa suka yi biki a kaina har asuba. Ban damu da cizonsu ba. Lissafin kwanakin Hansatu nake yi a yatsu.

Kashegari Katsina, daga Katsina Jibiya, daga nan aka ce kowa ya sauko, an zo iyaka. Na duba gabas na duba yamma, ban ga ganuwa ba, ban ga kogi ba. Itace guda aka gicciya a hanya, da wata rumfa. Ƙasar da ke nan ita ce ke can, geron da ke nan shi ne ke can. Wani jandarma, Bahaushe sak amma da hular Faransa, ya ce ina takardata. Na ce kakata daga wajen nan aka auro ta, a ƙafa ta zo, ba ta riƙe takarda ba. Ya ce wancan zamani daban, ya sa hannu yana kwance ƙunshina. Ya ture zane, ya ɗaga mazarƙwaila ya sansana, sai ya jawo farin ƙyalle ya ce wannan fa, na sayarwa ne? Na ce likkafanina ne, ɗana, in kana so ka auna. Ya sake shi kamar ya taɓa wuta. Da hannunsa ya ɗaure mini kayana, ya ce Allah ya kai ki lafiya, Inna.

Muna wuce itacen nan direba ya karkata motar ya koma hannun dama. Delu ta ƙwalla ihu, ta ɗauka barci ya kwashe shi. Mutanen motar suka yi ta dariya, suka ce ai haka ake a Faransa, mu Ingilishi ne muke bin hagu. Na ce wa Delu ga bashin dariyarki an biya. A raina kuwa na ce, ƙasar da hanya ma juya ta aka yi, ba mamaki yaro ya zo ya juya.

Da la'asar muka sauka a tashar Maraɗi. Abin da ya same ni a nan, shi ne ban taɓa faɗa wa masu tambaya ba.

Muna tsaye Delu tana tambayar unguwar yayarta, sai wasu 'yan dako biyu suka fara wasa. Ɗaya ya ɗaga sanda ya sari ɗan'uwansa a kafaɗa, wancan ya zube ƙasa ya yi kamar zai mutu, ya ɗaga kai ya marairaice murya ya ce, "An ɗaure akuyar kuwa?" Duk tashar ta kwashe da dariya, har mai sayar da ƙosai.

Ni kuwa na dafa bango. Wannan ita ce maganar mahaifina ta ƙarshe. Ranar da aka sare shi, bayan mahara sun wuce, na fito daga cikin rumbu inda uwata ta tura ni, na same shi kwance a ƙofar gida. Ya dube ni, bai yi wasiyya ba, bai ambaci mahara ba, abin da ya tambaye ni ke nan. Shekara saba'in ina riƙe da maganar nan a cikina. Mutum ɗaya na taɓa faɗa wa, Sale, lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi yana ƙarami, ina jinyarsa ina tsammanin ba zai tashi ba. Yau ga ta a bakin ɗan dako, a ƙasar da ban taɓa takawa ba, ana tafa hannu.

Delu ta ga na riƙe bango ta ce ko jiri ne. Na ce jiri ne.

Rabi, yayar Delu, ta karɓe mu hannu biyu, Allah ya saka mata. Sai dai cimarsu sai su. Fura da safe, fura da rana, da dare tuwon gero da miyar da ba ta ga daddawa ba sai da Delu ta kwance tata. Suka kawo mini fara soyayya a faranti wai marmari, da wani burodi dogo kamar taɓarya wanda ya nemi ya ƙarasa mini sauran haƙorana. In na yi magana su yi dariya wai Hausata ta Zazzau ce, alhali su ne ke cewa mi kac ce kamar suna faɗa da mutum. Amma akwai gaisuwa, akwai kunya, ba zan yi musu ƙarya ba.

A gidan akwai wani malamin makarantar boko da ke haya, suna ce masa Mushe Abdu, wato malam a bakin Faransa, mai tabarau da wando matsattse. Da ya ji ni ce kakar Sale sai ya gyara zama, kamar dama jira yake. Ya ce jikana ya ɓata wa garin nan abu mai daraja. Ya ce fim ɗin mutanen Japan ne, labarin mayaƙansu na da, kuma masana a ƙasashen Turai sun yaba irin finafinan nan ƙwarai, suna rubutu a jarida a kan yadda ake zare takobi da yadda ake tsayuwa shiru kafin sara. Amma da yake ba mai jin Japananci, rubutun Faransanci da ke ƙasa kuwa kaɗan ne ke iya karantawa, sai mai silima ya ɗauki Sale ya riƙa fassara wa jama'a. Shi kuwa Sale ba Japananci ba Faransanci, abin da ya zo bakinsa yake faɗa. Mako uku ke nan ana nuna fim ɗaya, gida na cika, ba don fim ɗin ba, don a ji shirmen akuya. Ya ce jahilci ne kawai, Inna, an ba jaki turare.

Na ce zan je in gani. Rabi ta kama baki, ta ce matan kirki ba sa shiga wurin nan, me za a ce a Ikara. Delu ta ce a aika a kira shi gida mana. Na ce in aka kira shi zai zo da fuskar da na sani, ni kuwa wadda ban sani ba nake so in gani. Na ce wa Mushe ya shige gaba.

Bayan sallar isha'i muka isa. A ƙofa jama'a ta yi dafifi, daga nesa na hango shi a kan wani benci. Ya sa baƙar riga ya ɗaure ƙugu da rawani, ya aske goshi ya ƙulle tukku a tsakar kai, ƙato da shi mai jiran haihuwa. Yana zare takobin yana mayarwa, yana sarar iska, fitila na haska ƙarfen fari fat. Na nufe shi, turereniya ta hana ni, Mushe ya janye ni ya ce in bari a shiga.

Gidan silima ba rufi, katanga huɗu ce da farin bango a gaba. Talakawa a ƙasa kusa da bangon, masu hali a kujeru a baya. Mushe ya zaunar da ni a kujera. Aka kashe fitila, haske ya fito daga wani ɗan rami a bayanmu ya faɗa kan bango, sai ga mutane suna tafiya.

Bari in faɗi gaskiya a kan mutanen Japan, don ba da su nake fushi ba. Mutane ne masu ladabi. Suna tuɓe takalmi a ƙofa, suna zama a tabarma, ƙarami ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa in zai gai da babba. Matansu ba sa ɗaga ido. Suna cin shinkafa da tsinke biyu, wannan kam ban gane hikimarsa ba, ga hannu Allah ya ba su. Takobinsu ba sa rataya shi a kafaɗa kamar namu, a ɗamara suke soke shi, biyu-biyu, babba da ƙarami. Babban mayaƙin cikinsu mutum ne mai fuskar wanda bai yi barci ba, ba ya dariya, ba ya kirari. Na lura in ya zare takobi kamar dole aka yi masa.

Amma ba a bar mutum ya kalla ba. Sale na tsaye gefen bangon da wani bututun gwangwani a baki, takobin a ɗamararsa. In mayaƙin ya sunkuyar da kai yana magana ƙasa-ƙasa, sai Sale ya ce wai yana tambayar ko akwai sauran tuwon jiya. In mace ta yi kuka, ya ce wai an hana ta kuɗin lalle. In aka sare mutum, 'yan ƙasa su miƙe suna ihu suna ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, kamar ana jefa buhunan gyaɗa a mota. Mushe yana gefena yana tsaki, yana ce mini dubi kyan saran nan, Inna, dubi yadda ya juya, kamar rawa. Na rasa wanda ya fi ba ni haushi, masu ƙirga ko mai yabo.

Can sai aka nuna wani ƙauye, mahaya suka shigo da wuta. Wani dattijo ya tsaya a ƙofar bukkarsa da guntun ƙarfe a hannu, ya tura wata 'yar yarinya bayansa. Na ji gidan ya yi tsit, irin shirun masu jiran abin daɗi. Aka sare dattijon, ya faɗi, yarinyar ta rarrafo ta durƙusa a kansa. Ya buɗe baki. Sale ya ɗaga bututu, amma kafin ya furta, gidan gaba ɗaya, manya da yara, masu ƙasa da masu kujera, suka haɗa baki suka faɗa tare.

"An ɗaure akuyar kuwa?"

Suka fashe da dariya, wasu na dukan cinya, wasu na birgima.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ratsa su, ina taka ƙafar wannan ina dafa kan wancan, har na isa gaba. Inuwata ta hau bangon ta rufe rabin ƙauyen. Aka fara ihu wai tsohuwa ki zauna, wasu suka ɗauka cikin wasan ne suka hau tafi. Sale ya sauke bututu. Na ga ya gane ni. Sai ya nemi ya fake da wasan jika da kaka, ya yi murmushin dole ya ce, "Amarya, har Faransa kika biyo mijinki?"

Na ce, "Ba ni."

Ya ce in bari a gama, mai gida na kallo. Na miƙa hannu ban sauke ba. Ya zare takobin daga ɗamara da kubensa ya ɗora mini. Na karɓi bututun ma. Ban taɓa magana a gaban taron maza irin wannan ba tun da nake, ranar na yi.

Na ce musu wanda ya faɗi maganar da suke dariya ba Bajapane ba ne, ubana ne, kuma wannan takobinsa ne. Na ce tun da sun biya kuɗi don su ji rabin labari, bari in ba su sauran kyauta. An ɗaure akuyar. Ni na ɗaure ta da safe, na kuwa ce masa e, Baba, na ɗaure. Ita kaɗai muka mallaka, da nononta ake shayar da ƙanena, shi ya sa ya tambaya. Ban faɗa masa mahara sun yanke igiyar sun tafi da ita ba. Na ce musu wanda aka sara ba ya faɗuwa sau ɗaya ya yi shiru kamar na bangon nan. Ubana da hantsi aka sare shi, sai da rana ta faɗi ya cika. Ina ba shi ruwa a ludayi yana fitowa ta inda bai kamata ba, ina korar ƙuda da bakin zanena. Na ce wanda yake da ƙirge ya ƙirga wannan.

Na ajiye bututun a ƙasa, na zauna nan gaba cikin 'yan ƙasa da takobin a cinyata. Mai haska fim bai tsayar ba. Aka ci gaba, ba mai fassara, mutanen Japan suna ta yarensu ba mai ji. Mayaƙin nan ya iso ƙauyen bayan an gama ɓarna, ya bi mahayan ya yi abin da zai yi, ba wanda ya ƙirga masa. Da ya gama ya goge ƙarfensa, ya mayar da shi kube a hankali, ya dawo ya durƙusa gaban gawar dattijon ya daɗe bai ɗago ba. Wannan kam na gane shi ba tare da an fassara mini ba. Duk gidan nan, shi kaɗai ya yi wa ubana ta'aziyya, shi ma inuwa ne a bango.

Da aka kunna fitila mutane suka riƙa fita suna kauce mini. Wani dattijo ya tsaya ya ce Allah ya jiƙansa, Inna. Mushe ya zo fuskarsa har tana sheƙi, ya ce yau ne aka kalli fim ɗin yadda masana suka ce a kalle shi, cikin shiru, kowa ya ga kyan aikin. Na ce masa, malam, ka taɓa jin warin wanda aka sara? Ya ce a'a. Na ce to ka daina ce masa kyau a gabana. Ya cire tabarau yana gogewa.

Da safe Sale ya zo gidan Rabi, ya sa hula ya rufe askin. Ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce abinci yake nema, ranar farko da ya tsaya gaban bangon nan bai san me zai fassara ba, ya ga dattijon ya faɗi, sai maganar ta fito da kanta. Da aka yi dariya mai silima ya ce kada ya kuskura ya sake ta. Ya ce bai yi zaton za ta kai kunnena ba. Na ce wato ba laifin ne ya dame ka ba, jin nawa ne. Na tambaye shi me ya yi wa ƙarfen. Ya ce ya ga ya yi tsatsa ne, ya wanke shi da toka da lemun tsami, ya kai wa maƙeri ya goge gibin.

Na zare shi da hannuna, karo na farko tun ina yarinya. Fari tas, sumul, kamar jiya aka ƙera. Tabon da uwata ta bari ba shi, gibin da ya nuna inda ubana ya tare sara ɗaya kafin na biyu ya same shi, ba shi. Na mayar da shi. Na ce wa Sale matarka na kan gwiwa, ni na tafi, in ka ga dama ka biyo. Ya ce sai an sallame shi, ƙarshen wata. Ban sa masa albarka ba, ban kuma yi masa baki ba. Na riƙe harshena da ƙyar, don na ga inda maganar da ta fita daga bakina take iya kaiwa.

Delu ta ce jandarma ba za su bar takobi ya ƙetare iyaka ba. Na naɗe shi cikin likkafanina. A rumfar nan kuwa mutumin ranar muka tarar. Ya ga farin ƙyalle ya yi tsawo ya yi nauyi, ya dube shi, ya dube ni. Ya ce Inna har an dawo? Na ce an dawo. Ya ɗaga itace da kansa.

Ba mu kwana a Kano ba, na ce ko a kan buhun barkono ne a ɗora ni. Daga Makarfi na wuce Kudan ban ko leƙa gida ba. Tun daga zaure na ji ƙamshin kunun kanwa, na san an haihu. Hansatu ta haihu kwana uku da suka wuce, namiji. Uwarta ta sa masa wuƙar yanka kuɓewa a wajen kai. Na ɗaga shi, yana numfashi, yana damƙe yatsana. Na cire wuƙar na ajiye takobin, na zauna a ɗakin nan kwana huɗu ban yarda na runtsa ido sosai ba. Ranar suna aka raɗa masa sunan mahaifina, don haka ni ba na iya kiransa, Baba nake ce masa. Uban bai zo ba, ya aiko da turmin atamfa. Da aka watse na kai takobin wurin baduku, na ce ya ɗinke bakin kuben da jijiya, ɗinkin da sai an yanka.

Masu tambaya suna so in ce Maraɗi da daɗi ko ba daɗi, silima haram ce ko halal. Wannan na malamai ne. Ni abin da na sani, na je neman abu ɗaya na samo shi, ashe abu biyu aka ɗauka, na biyun kuwa ba ya naɗuwa a likkafani.

Wata biyu bayan suna na je kasuwar Makarfi sayen kanwa. Wajen 'yan rake ana lodin wata mota da ta fito daga arewa. Wani ƙato mai gemu, damin rake ya kuɓuce masa ya buge shi ya faɗi zaune. Ya ɗaga kai ya marairaice murya ya faɗi maganar nan, abokan aikinsa suka bushe da dariya. Bai san ni ba, bai san daga inda ta fito ba, wataƙila ko silimar bai taɓa shiga ba. Na ƙarasa har inda yake zaune, na tsaya a kansa sai da dariyar ta mutu.

Na ce, "An ɗaure. Ni na ɗaure ta."

Na ɗauki kanwata na kama hanyar Ikara.